Juyen man giyar EOD a tsakar gida

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Motar Honda Accord ce ƙirar 2004, mai silinda huɗu da giya biyar otomatik, wadda kowa ya fi sani da EOD. 'Yar Amurka ce da ta shigo ta Kwatano, shi ya sa agogonta da mil yake ƙirga, kuma yanzu ya haura mil 170,000. Ta bi ta hannun mutane kafin ta zo hannuna, babu kuma wata takarda da ta nuna ranar da aka taɓa juye mata man giya.

Tun cikin azumi take ba ni alamu. Da safe in na sa ta a D sai ta yi jim kafin ta kama, in ta kama kuma da ɗan duka. Tsakanin giya ta biyu da ta uku akwai fizga. Abin da ya fi damuna shi ne karkarwar da take yi a titin Zariya in ina tafiya wajen kilomita 60 ƙafata a saman totur kaɗan: sitiyari da kujera su ɗauki rawa na daƙiƙa biyu ko uku, da na ƙara wuta ko na ɗaga ƙafa sai ta daina. Fitilar D ba ta ƙiftawa, wannan ya ɗan kwantar min da hankali, don a Honda ƙiftawarta ce ke nuna kwamfutar motar ta ga matsala a giya.

Yau na zaro gejin man giya, mai zoben rawaya da ke can ƙasa kusa da batir, na ɗiga a farar takarda. Babu sauran ja a cikinsa. Launin ƙasa-ƙasa ne mai duhu, amma haske yana ratsa shi, kuma warinsa na tsohon mai ne, bai kai ƙaurin ƙonewa ba. Na murza tsakanin yatsu, ban ji tsakuwa-tsakuwa ba.

Maƙwabcina dattijo ne da ya shekara da shekaru yana tuƙin haya tsakanin Kano da Jos. Da ya ji abin da nake shirin yi sai ya girgiza kai. "Yaro, man giya ba a juye shi, ƙari ake yi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi." Na ce masa, "Baba, na ji, amma bari in duba abin da masu ƙera motar suka rubuta." Maganar tasa ba daga iska ya ɗauko ta ba, ya ga motocin da aka juye wa mai suka zauna a sati. Abin da nake gani shi ne, galibi ba a tuna man giya sai giyar ta riga ta fara suɓucewa. A lokacin faifan kulocin ciki sun cinye, garinsu da ke yawo a tsohon man ne ke ɗan taimaka musu su kama. In aka zubar da shi sai lalacewar da ta daɗe a ɓoye ta fito fili, sai a ɗora wa sabon mai laifi. Tawa ba ta suɓucewa: in na taka wuta injin ba ya ihu a banza, motar tana bin sa. Don haka ina ganin da sauran lokaci.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na samo littafin motar a intanet na karanta sashen giya a tsanake. Ga abin da zan yi aiki da shi.

Giyabos ɗin gaba ɗaya yana cin lita 6.5, amma in aka kwance notin ƙasa lita 2.8 kawai ke fita. Sauran yana maƙale a cikin konbata (abin da ke miƙa ƙarfin injin zuwa giya ta hanyar mai), da hanyoyin mai, da bututan da ke kai shi lagireto ya huce. Ma'ana juye ɗaya bai kai rabi ba. Na zauna na buga lissafi: bayan juye na farko kashi 57 cikin 100 na tsohon man yana nan, bayan na biyu kashi 32, bayan na uku kashi 18, in aka yi na huɗu ya sauko kusan kashi 10. Littafin da kansa haka ya ce a yi in ana son wanke giyar sosai: a juye, a cika, a ɗan yi tafiya, har sau uku, sannan a yi na ƙarshe. Ba zan kai ta wurin masu injin da ke tura mai da ƙarfi ba. A tsohuwar giya irin wannan, tura mai da ƙarfi yana iya tayar da dattin da ya kwanta ya kai shi ƙananan ramukan solonoyid (bawul na lantarki da ke buɗe wa mai hanya a cikin giya), kuma daga nan ne wahala ke farawa.

Sai batun lokaci. Littafin ya raba tuƙi gida biyu, na yau da kullum da mai tsanani. Mai tsanani shi ne tuƙi a zafin da ya wuce digiri 32, da yawan tsayawa da tashi a cunkoso, da hanya mai ƙura, da gajerun tafiye-tafiye. Duk wanda ke bin Ɗangi zuwa Kantin Kwari a watan Afrilu, rana na neman digiri 40, ya cika waɗannan sharuɗɗa ba tare da ya bar ko ɗaya ba. A wannan rukuni juyen farko a mil 60,000 ne ko shekara uku, daga nan duk mil 30,000 ko shekara biyu. Da an bi wannan, da motata ta sha juye huɗu ko fiye kafin yau.

Man da aka rubuta mata shi ne ATF-Z1. Kamfanin ya daina yin sa, ya maye gurbinsa da ATF DW-1, wanda ke shiga duk inda Z1 ke shiga a giyar otomatik ta Honda. Littafin ya yarda a sa Dexron III, wani man giya da ba na Honda ba, in an rasa yadda za a yi, amma na wucin gadi, ya kuma yi gargaɗin cewa barinsa a ciki yana ɓata yadda giya ke sauyawa. Dalilin yana cikin ƙirar. Giyar Honda ta wancan zamani ba irin ta yawancin motoci ba ce, cikinta ya fi kama da giyar hannu, haƙora a jere kan sanduna, kowace giya da nata tarin faifan kuloci da ƙarfin mai ke matsewa. Santsin man ne ke yanke yadda faifan za su kama, a hankali ko da duka. In santsin ya sauya, halin motar ya sauya.

Asabar, 12 ga Afrilu

Kasuwar Ƙofar Ruwa. Shagon farko da na tsaya, yaron shago ya miƙo min galan ya ce, "Alhaji, duk ja ne, wannan shi ake zuba wa kowace otomatik." Jan nan rini ne kawai da ake sawa don a bambanta shi da baƙin mai in yana yoyo. T-IV na Toyota ja ne, WS nasu ma ja ne, Dexron ja ne, kuma ba abu ɗaya ba ne. Haka ma man giyar CVT (wata irin otomatik mai aiki da bel), irin HCF-2 da yawancin sababbin Accord masu silinda huɗu ke sha daga 2013, ba ya shiga tawa, nata ma ba ya shiga nasu.

Na ƙarasa wurin wani mai kayan Honda da na daɗe ina ciniki da shi. Jabu ya yi yawa a harkar mai, don haka na duba kowace roba ɗaya bayan ɗaya: zoben murfi bai tsinke ba, rubutu bai dushe ba, takardar jiki a manne take sumul, lambar da aka buga a jikin robobin iri ɗaya ce. Kowace roba mililita 946 ce, uku sun yi daidai da juye ɗaya. Na ɗauki goma, tara na juye uku, ɗaya ta ciko. Kuɗin ya ji jiki, ba zan ɓoye ba, amma ko kusa bai kama ƙafar kuɗin giyabos ɗan Beljiyam da na aikin ɗora shi ba, wanda kuma ba ka san me ke cikinsa ba sai ka ɗora.

Sauran kayan: washa ta alminiyom mai milimita 18 guda uku, dogon mazurari sabo fil mai siririn baki, jarkar lita biyar mai layin awo a jiki, faffaɗar roba ta tara mai, da ƙaramar filtar da ke kan bututun man giya. Sifanar awon ɗauri da ƙafafun ƙarfe na tokare mota na aro wurin wani abokina makanike.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Juye na farko. Na fara bayan sallar asuba da hantsi bai ɗaga ba, don a wannan wata kwanciya a ƙarƙashin mota bayan ƙarfe goma azaba ce. Na zaga unguwa har injin ya ɗumama, na dawo na ajiye ta a kan simintin tsakar gida inda yake a daidaice. Birkin hannu, duwatsu a bayan tayoyin baya, sannan jak. Ban sa ko hannu a ƙarƙashinta ba sai da ta zauna kan ƙafafun ƙarfe biyu, muka jijjiga ta ni da ƙanena muka ga ba ta motsi. Wannan wuri ba na sassauci a kansa. Jak na ɗaga mota ne, ba na riƙe ta a saman ƙirjin mutum ba, bulo kuwa fashewa yake yi ba tare da ya yi sallama ba.

Kafin in taɓa notin ƙasa na fara tabbatar da hanyar zubawa: geji ya fita, mazurari ya shiga ramin ya zauna. A mai silinda huɗu ta nan ake zuba mai. Na goge bakin ramin da kewayensa tas, saboda ƙurar da ta taru a wurin tun hunturu tana jiran a buɗe ne ta faɗa ciki.

Giyabos ɗin yana ɓangaren direba. Notinsa ba shi da kai mai kusurwa shida irin na baƙin mai, rami ne murabba'i a tsakiyarsa, bakin rachet mai inci 3/8 ne ke shiga kai tsaye ba tare da soket ba. Wannan bambanci yana da amfani, don mutum na iya kwance na inji yana zaton na giya ne. Sai da na ƙwaƙule ƙasar da ta cushe ramin da tsinke, na tura bakin rachet har ƙarshe, don in ya shiga rabi zai gwigwiye ramin ne kawai. Ya ƙi motsi. Na zura guntun bututun ƙarfe a hannun rachet ɗin, na ja a hankali da nauyin jiki, sai ya ce ƙas ya saki.

Man ya fito da ƙarfi ta gefe, ba ƙasa tsaye ba, don haka robar tarawa tana bukatar a matsar da ita gaba kafin a zare notin gaba ɗaya. Da zafinsa, na gode wa safar hannu. A cikin roba ya fi yadda na gani a takarda duhu, kamar shayin da aka manta a kan wuta.

Notin yana da maganaɗisu a bakinsa, kuma shi ne abin da na fi ƙagara in gani. Ya fito da hula ta baƙin laka mai kauri, har ba a ganin ƙarfen. Na shafa a farar takarda na kai rana. Laushi ne da shi sumul, toka-toka mai ɗan ƙyalli, babu ɓarɓashi, babu tsinin ƙarfe ko guda. Wannan garin cin yau da gobe ne na shekara ashirin. Da na ga gutsattsarin da farce ke iya ɗauka, da na mayar da notin na tsaya nan, don wannan aikin mai buɗe giya ne, ba na juye ba. Ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, wannan duk daga ciki?" Na ce masa ai gara da ya maƙale a nan da a ce yana yawo.

Na bar shi ya tsiyaye har ya koma ɗigo, na sauke gaban motar kaɗan don ragowar ya fito, sannan na juye abin da ya taru a jarkar awo. Ya tsaya ƙasa kaɗan da layin lita uku, daidai da abin da littafi ya ce. Awon nan shi ne ginshiƙin aikin: abin da ya fita shi zai koma, geji kuma ya yi hukuncin ƙarshe.

Tsohuwar washa ta baje ta manne a jikin notin, alamar an sha ɗaure ta ko an ɗaure ta fiye da kima. Na sa sabuwa, na fara ɗaura notin da yatsu har ya zauna, sannan sifanar awo a kan 49 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri). Jikin giyabos alminiyom ne, notin ƙarfe ne, in aka yi musu ɗaurin ƙarfi zaren jikin ne ke tafiya, kuma gyaransa ba ƙaramin aiki ba ne.

Zubawa ta ramin geji sai da haƙuri. Ramin siriri ne, in aka yi gaggawa sai man ya yi amai ya wanke saman giyabos. Roba uku suka shiga, saura ɗan kaɗan a ta ukun. Na sauke motar, na tayar, ƙafa a kan birki na bi P, R, N, D, D3, 2, 1 ina tsayawa daƙiƙa kaɗan a kowanne, na dawo P.

Awon Honda daban yake da na Toyota, kuma nan ne da yawa ke ruɗewa. A Toyota mai geji injin yana aiki ake dubawa. A wannan sai injin ya yi zafi har fankar lagireto ta tashi, a kashe, a jira daƙiƙa 60 amma kada a wuce 90, a zaro geji a goge, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Ya tsaya tsakanin alamomin biyu, ya fi kusa da ta sama. Na bar shi haka. Cika fiye da kima yana sa haƙora su kaɗa man ya yi kumfa, mai kumfa kuma ba ya matse kuloci yadda ya kamata.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Kwalin da na shimfiɗa a ƙarƙashinta kullum da dare yana wayar gari a bushe. Jinkirin shiga D da safe ya ragu sosai. Fizgar biyu zuwa uku tana nan amma ta yi laushi. Karkarwar kilomita 60 ba ta tafi ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Juye na biyu, tare da filta. Na bar tazarar nan da gangan don sabon man ya gauraya da na cikin konbata, ya kuma narkar da abin da zai narkar a hankali.

Wannan karon notin ya kwance ba gardama. Man da ya fito ya koma launin jan ƙasa, maganaɗisu kuma ya tara ɗan siririn baƙi ne kawai wanda shafa ɗaya ta ɗauke. Wannan ya faranta min rai fiye da komai, don yana nuna lakar farko tarin shekaru ce, ba wani abu ne ke cin kansa a ciki yanzu ba.

Filtar ce ta ci lokaci. Tana saman giyabos, ba a kai mata hannu sai an cire akwatin filtar iska. 'Yar gwangwani ce baƙa mai bututu gaba da baya. Na ɗauki hotonta a waya kafin in taɓa, don kada in juya mata fuska wajen mayarwa. Bututan roba sun manne saboda zafi, sai da na murɗa su hagu da dama kafin su saki, ban ja da ƙarfi ba. Na tura tsumma a ƙasa, ɗan mai ya zuba, na ƙara kwatankwacinsa daga roba ta goma. Da na girgiza tsohuwar a kan takarda, abin da ya fito baƙi ƙirin ne, ya fi duk abin da na gani a juyen farko. Babbar matatar giyar tana can ciki, ba a isa gare ta sai an raba giyabos biyu, don haka wannan ƙaramar ce kaɗai mai mota ke iya canjawa.

Tun da akwatin iska yana waje, na bi bututan da ke zuwa ƙasan lagireto da tocila. A cikin tankin ƙasa na lagireto man giya ke hucewa, ruwa a waje, mai a cikin bututunsa. In wannan bututu ya fashe sai su haɗu, man ya koma fari-fari mai kauri, kuma ruwa yana ɓamɓare fatar faifan kuloci. Masu zuba ruwan rijiya tsagwaronsa a lagireto suna gayyatar tsatsar da ke kawo wannan. Nawa babu alamar haka, a geji ko a bakin lagireto.

Abokina makanike ya biyo ta wajena, ya ga ragowar jan mai ya ce in ɗan ƙara a tankin sitiyari tunda ya sauka. Na ce a'a, Oga, Honda nata man sitiyarin daban ne, littafin ya hana sa man giya a wurin. Zan sayo nasa.

Lahadi, 4 ga Mayu

Juye na uku. Ba wani sabon abu a aikin, hannu ya riga ya saba. Man ya fito ja mai ɗan duhu, maganaɗisu kusan tsaf. Sabuwar washa, 49 Nm, roba uku, awo cikin daƙiƙa 90.

Da la'asar na hau titin Wudil don in gwada ta inda babu cunkoso. Na riƙe ta a daidai gudun da take karkarwa, ƙafa a sama-sama, na maimaita a hawa da gangara. Shiru. Allurar da ke nuna juyawar injin tana sauka kaɗan lokacin da kulocin cikin konbata ya kama, ta zauna ba rawa. Karkarwar dama daga nan take fitowa: kulocin yana kamawa yana saki da sauri saboda tsohon man ya rasa santsin da ke sa shi ya kama sumul. Daga tsaye kuma na taka ta sosai, giyoyin suka bi juna ba duka.

Da na dawo na tarar da Baba a ƙofar gida. Na ba shi makulli ya zaga da ita. Ya dawo ya ce, "To, ta yi daɗi. Amma a bari damina ta wuce mu gani." Na ce in Allah ya yarda. Yana da gaskiya a nan, gwajin giya ba na yini ɗaya ba ne.

Asabar, 17 ga Mayu

Geji yana inda na bar shi, launi ja mai haske a takarda, ƙasa a bushe. Shiga D da safe nan take ne. Karkarwa ba ta dawo ba, har a cunkoson rana da na'urar sanyi a kunne.

Abu ɗaya ya rage wanda mai bai taɓa shi ba: in na sa R akwai ƙum da ake ji a jikin motar. Na buɗe bonet, ƙanena ya taka birki ya riƙa sauya D da R ina kallo daga gefe. Injin yana ɗagawa fiye da yadda ya kamata, kuma robar injin-sit na gaba, wadda injin ke zaune a kanta, ta tsage har ana ganin tsagar da ido. Wannan aikin mako mai zuwa ne, ba shi da alaƙa da cikin giya.

Juye na huɗu na yanke shawarar ɗaga shi. Kashi 18 na tsohon mai da ya rage bai kai abin da zan sake kashe kuɗin roba uku a kansa yanzu ba, tunda motar ba Dexron aka wanke daga cikinta da gaggawa ba kuma alamun sun tafi. Zan haɗa shi da juyen baƙin mai na bayan damina, daga nan in koma juye ɗaya duk shekara biyu ko mil 30,000, wanda ya riga zuwa. Na rubuta kwanan wata da lambar agogo da sunan man a takarda na saka cikin littafin motar, don duk wanda ta koma hannunsa ya san inda aka tsaya.

Tsohon man ya tasam ma lita tara a jarkoki biyu. Ba a kwata zai tafi ba, rijiyarmu tana tsakar gidan nan kuma kwatar unguwa tana bi ta ƙofar gidajen mutane. Abokina ya ce in kai masa gareji, yana da duron da yake tarawa masu saye suna zuwa ɗauka. Gobe zan kai tare da ƙafafun ƙarfensa, in kuma tambaye shi inda zan samu injin-sit mai kyau.